Ɗumama Ruwan Kwamin Ninkaya: Injin Jan Zafi, Hitar Gas, Sola Ko Hitar Lantarki?

Wanda ya gina kwamin ninkaya yakan ɗauka aiki ya ƙare ranar da aka cika shi da ruwa. Sai iska ta juya, sanyi ya shigo, yara su tsoma ƙafa su janye, kwamin ya yi watanni ba mai shiga, alhali famfo bai daina shan wuta ba, kulorin ma bai daina cin kuɗi ba. Daga nan ake fara neman abin ɗumama ruwa, daga nan kuma ruɗani yake farawa, don kowane mai sayarwa nasa yake yabo.

Hanyoyi huɗu ne a gabanka: injin jan zafi daga iska, hitar gas, farantan sola masu ɗumama ruwa, da hitar lantarki. Ba zan ɓoye ra'ayina ba: ga yawancin masu kwami, injin jan zafi ya fi dacewa. Amma akwai sharuɗɗa, kuma idan ba su cika ba, gara mutum ya sa kuɗinsa a wani abin.

Abubuwan da za a auna

Kuɗi biyu ne a wannan harka, kuma ba sa tafiya tare: na ranar saye da girkawa, da wanda za ka riƙa biya duk wata. Sau da yawa abin da ya zo da sauƙi ranar saye shi ne zai fi tatsar aljihu daga baya. Bayan kuɗi sai sauri, wato awa nawa za ka jira kafin ruwan ya shigu. Sai yanayi: shin na'urar za ta yi aiki a irin iskar wurin da kake, a lokacin da kake buƙatarta? Sai ƙarko, sai wahalar girkawa da kulawa, sai haɗarin da ke tattare da ita ga mutane da ga ita kanta.

Akwai tambaya ɗaya da ta fi waɗannan nauyi, kuma kai kaɗai ke da amsarta: yaya ake amfani da kwamin? Kwamin da ake shiga kullum da safe daban yake da wanda sai ƙarshen mako ko ranar da baƙi suka zo ake buɗe shi. Na farko yana son na'urar da za ta riƙe ɗumi a hankali ba tare da cin wuta da yawa ba. Na biyu yana son mai ƙarfi da za ta ɗaga zafin cikin 'yan awoyi sannan a kashe ta.

Lissafin ruwan kansa

Ruwa ba ya ɗumuwa da wasa. Kafin lita 1,000 ta ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Salsiyas, sai an zuba mata zafi kimanin yunit 1.16, yunit ɗaya kuwa shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa guda, irin wanda mitar wuta take ƙirgawa. Ɗauki kwami mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, matsakaicin zurfin mita 1.5. Lita 48,000 ke nan. Kowane digiri ɗaya zai ci wajen yunit 56. Idan ruwan yana digiri 18 kana son kai shi 28, kana buƙatar zafi na kusan yunit 560, wannan kuma ba a sa wanda zai tsere cikin iska ba. Da wannan kwamin zan riƙa gwada kowace na'ura.

Me ya sa 28? A gasar ninkaya ta duniya ana riƙe ruwa tsakanin digiri 25 da 28, don mai gudu a ruwa jikinsa na samar da zafi. Mai shiga don hutawa yakan so 27 ko 28, ƙananan yara da tsofaffi kuma sukan so abin da ya ɗara haka kaɗan. Kowane digiri da ka ƙara yana ƙara kuɗi, don haka ka tsai da adadin da kake so tun kafin ka je saye.

To ina zafin yake tserewa? Mafi yawansa ta saman ruwa, ta hanyar tururi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na zafin da kwamin waje yake asara, ƙafewar ruwa ce ke tafiya da shi. Kowace lita da ta tashi sama tana ɗauke kimanin yunit 0.68. Fuskar kwaminmu murabba'in mita 32 ce. Idan ruwa ya sauka da milimita 5 a yini, abin da ido ma da ƙyar zai lura da shi a jikin tayil, lita 160 ta tafi, ta kuma tafi da zafi sama da yunit 100. Kusan digiri biyu ke nan a banza. Shi ya sa nake cewa duk wanda zai sayi na'urar ɗumama ruwa ya fara sayen murfin kwami tukuna. Murfin roba mai ƙananan kumfa, wanda ake shimfiɗawa a kan ruwa da dare a naɗe da safe, yana iya rage kuɗin ɗumamawa da rabi ko fiye. Ɗumama kwami ba murfi ɗibar ruwa da kwando ne, ko wace na'ura ka saya. Duk abin da zan faɗa daga nan, na ɗauka akwai murfi.

Injin jan zafi

Idan ka taɓa bayan firiji ka ji ɗumi, ka riga ka san yadda wannan injin yake aiki. Ba ya ƙirƙirar zafi, ɗauko shi yake yi daga wani wuri ya kai wani. Fanka tana jawo iskar waje ta ratsa siraran farantan alminiyom. A cikinsu akwai sinadarin sanyaya wanda ya fi iskar sanyi, sai ya sha zafinta ya zama tururi. Kwamfiresa ta matse tururin ya yi zafi sosai, ya wuce cikin tukunyar musayar zafi inda ruwan kwami yake zagaye bututun, ruwan ya karɓi zafin ya koma kwami. Tunanin ba sabo ba ne, tun 1852 masanin kimiyya William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya bayyana shi.

Ribar tana cikin lambar da ake rubutawa a jikin injin, COP. Idan an ce COP 5, ana nufin yunit ɗaya na wuta yana kawo yunit 5 na zafi. Yawancin injinan kwami suna faɗawa tsakanin 3 da 7. A kwaminmu, injin da ke fitar da kilowat 12 da COP 5 yana jan kilowat 2.4 ne kawai daga mita, kuma zafin yunit 560 zai tsaya maka a kimanin yunit 112 na wuta. Sai dai zai ɗauki kusan awa 47 yana aiki, wato kwana biyu cur, idan ma ba a yi asarar zafi a hanya ba. Wannan injin na mai haƙuri ne.

Ga inda ake yaudarar mai saye: babbar lambar da ke kan kwali an auna ta ne a rana mai daɗi, iska tana wajen digiri 26 ko 27, da laima mai yawa. A irin wannan rana ai kusan ba ka buƙatar injin. Ka nemi lambar da aka auna lokacin da iska take digiri 15, kamfanonin kirki suna rubuta duka biyun a takardar bayani. Za ka ga ƙarfin ya ragu, COP ma ta sauka. Da wannan ƙaramar lambar za ka zaɓi girman injin. Idan iska ta sauka ƙasa da digiri 7 zuwa 10, injin na gama-gari yakan fara wahala, ƙanƙara ta taru a kan farantan, ya riƙa tsayawa yana narkar da ita. Akwai waɗanda aka ƙera don sanyi mai tsanani, amma su ma ribarsu raguwa take yi. Busasshiyar iska ma tana rage masa ƙarfi, don wani kaso na zafin da yake samu daga laimar iska yake fitowa.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai kunnawa da kashewa: ko dai yana aiki da cikakken ƙarfi ko yana kashe. Ya fi araha, kayan cikinsa ba su da sarƙaƙiya, duk mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki zai gane kansa. Amma yana da ƙara, kuma duk lokacin da zai tashi yana fizgar wuta ninkin abin da yake ja yana tafiya, abin da janareto ko batirin sola ba sa so. Akwai kuma mai inbata, wanda kwamfiresarsa da fankarsa suke rage gudu ko su ƙara gwargwadon buƙata. Da ruwa ya kai zafin da aka sa masa, sai ya koma tafiya a hankali, ƙararsa ta ragu, COP ɗinsa ta hau. Ya fi tsada, kuma allon lantarkin da ke cikinsa ba ya jure wutar da ke hawa da sauka. Idan ya ƙone, sauya shi kuɗi ne mai kauri. Duk da haka ni mai inbata nake zaɓa, kuma na fi son a ɗauki wanda ya ɗan fi buƙatar kwamin girma. Babban inji mai tafiya da rabin ƙarfinsa ya fi ƙarami mai gudu ba hutawa tsimin wuta da tsawon rai.

Abu biyu kada ka yi sassauci a kansu wajen saye. Tukunyar musayar zafi ta zama ta titaniyom, don shi ne ƙarfen da kulorin da gishiri ba sa ci. Sannan ka duba sinadarin sanyaya da ke ciki. Tsofaffin injina suna amfani da R410A, sababbi kuma yawanci R32, wanda illarsa ga ɗumamar duniya kusan sulusin ta R410A ce. Tun bayan yarjejeniyar Kigali ta 2016 ƙasashe suke rage irin waɗannan sinadarai, don haka injin da ke ɗauke da tsohon sinadari zai riƙa wahalar samun abin ƙari nan gaba.

Girka shi

Galibin ƙorafin da ake yi da wannan injin daga girkawa yake samo asali. Iska ce abincinsa, don haka a fili yake zama, ba a cikin ɗakin famfo ba. Idan aka kulle shi a ɗaki ko aka matse shi a lungu, sanyayyar iskar da ya fitar ita zai sake shaƙa, ya yini yana aiki ruwa bai motsa ba. A bar masa kamar rabin mita tsakaninsa da bango, a bar mita biyu ko fiye a gaban fanka ba shuka ba shinge. Mai fitar da iska ta sama kuwa ba a sa shi ƙarƙashin rumfa. Kowane kamfani yana rubuta tazararsa a littafin injin, ita za a bi. A yi masa dakali na siminti wanda ya miƙe daidai, ya ɗan ɗaga daga ƙasa, a sa roba a ƙarƙashin ƙafafunsa don rage girgiza. A kuma lura da inda fankar ta fuskanta: iskar da take hurawa sanyi gare ta, ba wanda zai so ta a wurin zama ko a tagar ɗakin kwana.

Wajen bututu, jeri yana da muhimmanci. Ruwa ya fito daga kwami, ya bi famfo, ya bi matata, sannan ya shiga injin, daga nan ne zai wuce wurin zuba kulorin ko na'urar da ke samar da kulorin daga gishiri kafin ya koma kwami. Idan aka sa kulorin kafin ruwa ya shiga injin, ruwa mai kaifin sinadari zai riƙa ratsa cikinsa yana cin robobi da mahaɗai. A sa bawul mai hana ruwa komawa baya tsakanin injin da wurin kulorin, don idan famfo ya tsaya sinadarin kada ya gangaro. A kuma yi hanyar kewaye mai bawul uku: ɗaya a mashiga, ɗaya a mafita, ɗaya a tsakani. Da su ake daidaita yawan ruwan da ke ratsa injin, da su kuma ake ware shi ranar gyara ba tare da an tsai da tace ruwa ba. Yadda ake gane an daidaita: a duba allon injin, ruwan da ke fita ya ɗara mai shiga da kamar digiri biyu. Mutane da yawa sukan sa hannu a bakin bututun da ke mayar da ruwa, su ji ba zafi, su ce injin ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Digiri biyu-biyu yake ƙarawa, ruwan yana zagayawa har ya kai.

Kada a nisanta shi da famfo ba dalili, don dogon bututu a cikin ƙasa mai sanyi zafi yake sha. Amma kada kuma a manna shi a bakin kwami. Ƙa'idar lantarki ta duniya, IEC 60364, ta ware yankunan haɗari da suka kai mita 3.5 daga bakin ruwa, kuma abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne injin ya zauna a wajensu. Wutar kanta ba aikin ɗan koyo ba ce. A ja masa layinsa shi kaɗai, da bireka daidai ƙarfinsa, da na'urar RCD ta miliamfa 30 mai katse wuta da zarar ta fara zuba, a kuma haɗa jikinsa da ƙasa yadda ya kamata. Mutane za su shiga ruwan nan ba takalmi, jikinsu a jiƙe. A nan ba a neman sauƙin kuɗi.

Ƙananan abubuwa biyu. Idan an kawo injin a kwance ko an jijjiga shi a mota, a tsai da shi a tsaye yini guda kafin a kunna, man kwamfiresa ya koma mazauninsa. Sannan injin ba ya aiki sai ruwa na gudu, don haka dole a ƙara wa famfo awoyin aiki, musamman da rana lokacin da iska ta fi ɗumi. Wutar famfon ma a sa ta a lissafi.

Kula da shi

Kulawar ba ta da yawa, amma ba a tsallake ta. Ganye, ƙura da yanar gizo suna toshe farantan alminiyom. A kashe wuta, a wanke su da tiyo mai taushin ruwa, ba da injin wanki mai matsi ba, don farantan lanƙwashewa suke yi. A riƙa wanke matata da kwandon famfo, domin raguwar gudun ruwa ita ce kan gaba a dalilan da ke sa injin ya tsaya ya nuna lambar kuskure. A riƙe pH na ruwa, wato ma'aunin tsaminsa, tsakanin 7.2 da 7.6. A kuma tuna ruwan ɗumi yana cinye kulorin da sauri, gansakuka kuma tana sonsa, don haka gwajin ruwa zai ƙaru.

Za ka ga ruwa yana taruwa a ƙarƙashin injin, wani lokaci litoci da dama a awa. Yawanci raɓa ce daga iskar da ya sanyaya, ba yoyo ba. Idan kana shakka, tsoma takardar gwajin kulorin a ciki: in ba ta canza launi ba, raɓa ce. A haɗa masa ɗan tiyo ya kai ruwan magudana. Idan ka kunna shi fanka ta tashi amma kwamfiresa ta yi jinkirin kamar minti uku, da gangan aka tsara haka don kare ta.

A wuraren da ruwa ke daskarewa, kafin hunturu a kashe wuta, a kwance mahaɗan bututu biyu, a tsiyaye ruwan cikinsa tas. Ruwan da ya daskare a tukunyar musayar zafi fasa ta yake yi, kuma garanti ba ya biyan wannan. Sau ɗaya a shekara a kira ƙwararre ya duba wayoyi da matsin sinadari. Sinadarin ba ya ƙarewa da kansa. In ya ragu, akwai inda yake yoyo, a nemo wurin kafin a ƙara. Injin da aka kula da shi haka yakan yi shekara 10 ko fiye.

Hitar gas

Abin da hitar gas take sayarwa shi ne sauri. Tana ƙona gas, harshen wuta ya ɗumama bututun da ruwa ke bi, kuma ba ruwanta da ko iska na da sanyi ko zafi. Ƙarfinta yakan fara daga wajen kilowat 30 har ya haura 100. Mai kilowat 60 za ta ɗaga kwaminmu daga 18 zuwa 28 cikin kamar awa goma: ka kunna da dare, da safe a shiga.

Kuɗin sayenta sau da yawa bai kai na injin jan zafi ba, amma jan bututun gas, ajiye tanki da yin mafitar hayaƙi suna iya cike gibin. Wajen amfani ne take da nauyi. Daga kowane yunit 100 na gas, zafi 80 zuwa 95 ne ke shiga ruwa, ya danganta da ƙirar. Kilo ɗaya na gas ɗin tukunya yana ɗauke da kimanin yunit 13, wato ɗumama kwaminmu sau ɗaya zai ci wajen kilo 50. Ga hanyar da za ka gwada da farashin wurinku: idan injin jan zafi yana ba da COP 5, hitar kuma tana ba da kashi 85, sai yunit na wuta ya ninka yunit na gas tsada kusan sau shida kafin gas ya fi sauƙi. Idan sanyi ya saukar da COP zuwa 3, ninki uku da rabi ya isa.

Ba ta kai injin jan zafi daɗewa ba. Bututun cikinta yawanci jan ƙarfe ne, kuma ruwa mai tsami yana cinsa. Idan ka fara ganin kore-kore a jikin tayil, mai yiwuwa jan ƙarfen hitar ne yake narkewa cikin ruwa. Mai kwamin gishiri ya nemi wadda bututunta haɗin jan ƙarfe da nikel ne. Haɗarinta kuwa na gaske ne: yoyon gas, gobara, da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma kisa a rufaffen wuri. Mai lasisin aikin gas ne kawai zai girka ta, a kuma duba ta duk shekara.

Farantan sola

Ba masu samar da lantarki nake nufi ba. Waɗannan baƙaƙen faranti ne na roba, cike da ƙananan bututu, ana shimfiɗa su a kan rufi ko a fili, famfon kwami ya tura ruwa ya ratsa su rana ta ɗumama shi. Ba kwamfiresa, ba harshen wuta, kusan ba abin lalacewa, shi ya sa sukan yi shekara 10 zuwa 20. Bayan an girka, abin da za ka biya shi ne ɗan ƙarin aikin famfo.

Matsalarsu wuri da iko. Ana buƙatar faranti masu faɗin rabin fuskar kwami zuwa cikakkenta, wato murabba'in mita 16 zuwa 32 a misalinmu, a inda inuwa ba ta faɗawa. Kuma ba kai ke yanke zafin ruwa ba, rana ce. Kwana uku na hadari ko hazo, ruwa ya koma yadda yake. Dole a sa bawul mai aiki da kansa wanda zai hana ruwa hawa idan farantan sun fi kwamin sanyi, in ba haka ba da dare sanyaya ruwan za su yi. A kuma tabbatar rufin zai ɗauki nauyinsu cike da ruwa, famfon kuma yana da ƙarfin kai ruwa sama. Ina son sola ƙwarai a matsayin mataimakiya. A matsayin abin dogaro ita kaɗai, sai ga wanda ya yarda wasu ranaku ba za a shiga ruwa ba.

Hitar lantarki

Ƙarama ce, mai araha, ba ƙara, tana shiga ɗakin famfo. Amma yunit ɗaya na wuta yunit ɗaya na zafi yake bayarwa, ba ƙari. Aikin da injin jan zafi ya yi da yunit 112, ita sai ta sha 560, kuma mai kilowat 12 tana buƙatar layin wuta mai kauri wanda ba kowane gida ke da shi ba. Ga kwami babba, araha ba ta ado.

| Ma'auni | Injin jan zafi | Hitar gas | Farantan sola | Hitar lantarki |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye da girkawa | Mai yawa | Matsakaici zuwa mai yawa | Matsakaici zuwa mai yawa | Kaɗan |
| Kuɗin amfani | Kaɗan | Mai yawa | Kusan babu | Mafi yawa |
| Sauri | Kwana ɗaya zuwa uku | Awoyi | Ya danganta da rana | A hankali |
| Dogaro da yanayi | Yana rauni a sanyi mai tsanani | Babu | Gaba ɗaya | Babu |
| Ƙarko | Shekara 10 ko fiye | Shekara 5 ko fiye | Shekara 10 zuwa 20 | Ya danganta da ruwan |
| Kulawa | Wanke faranti, duba shekara | Ƙwararre duk shekara | Kaɗan | Kaɗan |
| Babban haɗari | Wuta, daskarewar ruwa | Gobara, gubar hayaƙi | Yoyo a rufi | Wuta |

Wanne ya dace da wa

Idan ana shiga kwamin kusan kullum, iskar wurinku kuma tana zama sama da digiri 10 a watannin da kuke ninkaya, ka ɗauki injin jan zafi mai inbata, mai tukunyar titaniyom, wanda aka zaɓi girmansa da lambar digiri 15. Ka sa masa zafin da kake so ka bar shi, kada ka riƙa kashewa da kunnawa, don idan ruwan ya huce, sake ɗaga zafinsa daga ƙasa zai ɗauki injin lokaci mai tsawo. Otal, makaranta ko wurin motsa jiki ma nan suka faɗa, sai dai su gara su raba nauyin kan injina biyu, in ɗaya ya tsaya ɗaya ya riƙe. A wurare masu tsananin zafi kuwa, a nemi injin da ke iya juyawa ya sanyaya ruwa, don kwamin da ya haura digiri 32 ba ya wartsake kowa.

Idan kuɗin hannu bai kai ba, kuma injin zai zauna nesa da ɗakin kwana da maƙwabta, mai kunnawa da kashewa zai yi aikin. Shi ne kuma ya fi dacewa inda masu gyaran allon inbata suke da wuyar samu. Inda wuta ke hawa da sauka, ko wanne ka saya ka sa masa na'urar kare shi. Inda kuma wutar ba ta daɗewa, ka tuna wannan inji awoyi masu tsawo yake buƙata, in ba zai samu ba gara gas ko sola.

Gidan da sai ƙarshen mako ake zuwa, ko wanda ke son ninkaya a tsakiyar hunturu mai ƙanƙara, ko mai ƙaramin kwamin ruwan zafi da ake so ya kai digiri 38 cikin awa guda, hitar gas ce tasa. Mai faffaɗan rufi a wuri mai yawan rana, wanda burinsa ƙara 'yan makonni a farko da ƙarshen lokacin ninkaya, sola da murfi sun ishe shi. Wanda yake da hali ya haɗa biyu: ruwa ya fara bi ta farantan sola, injin jan zafi ya cike abin da ya rage, ta haka injin zai riƙa hutawa duk ranar da rana ta fito sosai. Hitar lantarki kuwa a bar ta ga ƙaramin kwami na cikin gida, mai lita dubu ɗaya ko biyu, inda ba wurin ajiye inji a waje kuma ba a kunna ta sai jefi-jefi.